Jelar Waƙa

A wurin yankan katako da ke bayan tashar mota, in ka tambayi Mai Jela ba wanda zai ce bai san shi ba. Dogon dattijo ne, furfurarsa ta cakuɗe da garin katako har ba ka iya raba su, kuma sai ka dafa kafaɗarsa kafin ya san da shi kake. Sababbin ma'aikata sukan leƙa bayan wandonsa suna dariya, wai jelar suke nema. Shi ko a jikinsa. Ya daɗe da gajiya da bayani, kuma ko bai gaji ba, ba ya jin abin da suke faɗa.

Asalinsa mabushin sarewa ne. Ta ƙarfe ce, doguwa mai maɓallai. A ƙungiyar kaɗe-kaɗen makaranta ya koye ta, ya fito yana busawa a otal-otal da wuraren shagali. Lokacin yana matashi mai ji da kansa, takalmi kullum a goge, ga baki. Wata rana aka kira shi wani ƙaramin sutudiyo a saman shagon ɗinki, inda wata mawaƙiya mai tasowa ke ɗaukar waƙa. Waƙar wata mata ce da ke wanke kofin shayin mijinta kowace safiya, alhali mijin ya daɗe da tafiya. An gama ɗauka, kowa na naɗe wayarsa, sai mawaƙiyar ta ce ita dai waƙar ba ta ƙare mata ba, matar ta yi ta magana ba wanda ya amsa mata. Ta dubi mai sarewa ta ce ya amsa.

Aka tsayar da ganguna, aka bar shi shi kaɗai. Sau ɗaya ya busa, ba gwaji ba shiri. Da ya sauke sarewar ɗakin ya yi tsit, mawaƙiyar na share ido da bakin mayafi, mai sutudiyon kuma ya shagala bai tsayar da na'ura ba. Bai taɓa yin irin wannan busa ba kafin ranar, kuma shi da kansa ya san bai sake yin irinta ba. Da ya gwada a gida washegari wani abu daban ya fito, mai kama da ita amma ba ita ba.

Mai sutudiyon ba mai ƙarfi ba ne, kaset kaɗan ya buga, aka ba mai sarewa guda. Gidan rediyo ya ɗauki waƙar, sai dai masu gabatarwa ba su da haƙuri. Da zarar mawaƙiyar ta rufe baki sai su kashe su hau karanta gaisuwar masu sauraro. Wannan bai dame shi ba, don labari ya riga ya zo masa cewa babban kamfanin da ke tattara waƙoƙin da suka yi tashe a shekara, ya zuba su a kaset guda, ya zaɓi tasu. A nan ya tafka wautar da ta bi shi har tsufa. Wani abokinsa direban babbar mota zai yi doguwar tafiya, ya roƙi aron kaset ɗin don ya rage hanya. Ya miƙa masa, har da cika baki, wai ya riƙe ma gaba ɗaya, nan da 'yan kwanaki kowane lungu sai an ji shi. Direban ya tafi, daga baya ya canza wurin aiki ya canza gari, ba a sake jin ɗuriyarsa ba.

Kaset ɗin kamfanin ya fito da jan bango, mutane suka sa masa Jan Kaset, ba wanda ya kula da dogon sunan da aka rubuta a kai. Ranar da ya fito mai sarewa ya saya, ya aro babbar rediyo, ya zuba mata sababbin batura, ya tara maƙwabta a tsakar gidan hayarsu. Matarsa na da tsohon ciki, aka kawo mata kujera. Waƙarsu ce ta ƙarshe a fuskar farko, sai da aka saurari duk na gabanta, shi kuwa yana tsaye yana kaɗa ƙafa kamar mai jiran a fito daga banɗaki. Ta zo. Matar cikin waƙa ta wanke kofinta, mawaƙiyar ta kai baitin ƙarshe, ganguna suka tsaya. Ya ɗaga yatsa ya ce a saurara. Aka ji jan numfashi, aka ji sarewa ta buɗe baki, sai sauti ya fara janyewa, ya yi ƙasa, ya ɓace. Rediyon ta yi ƙas ta tsaya.

Wata maƙwabciya ta tambaya ko shi ke nan. Wani tsohon tela ya ce ai numfashin ma ya yi daɗi, aka fashe da dariya. Matarsa ce kaɗai ba ta yi ba. Ta tashi da ƙyar ta ce a juya ɗaya fuskar, mutane su yi rawa tunda sun riga sun taru.

Ya ɗora laifin a kan batura, ya ɗora a kan rediyo, ya koma shago ya ce an sayar masa da kaset mara kyau. Mai shagon ya ɓare masa wani, ya ɓare wani, duk a wuri ɗaya suke mutuwa. Sai ya nufi kamfanin. Bayan an yi ta wasa da hankalinsa daga wannan ƙofa zuwa waccan, aka kai shi wani ɗaki mara taga, wurin mai haɗa waƙoƙin, wani ɗan siririn mutum mai tabarau da ake ce wa Almakashi.

"Malam, fuskar kaset ba roba ba ce, ba ta miƙewa," in ji shi. "Taku ce ta ƙarshe, zare ya ƙare. Ko in datse jela ko in cire waƙar ɗungurungum. Wanne ka fi so?"

Ya tambaya me ya hana a rage daga na gaba. Almakashi ya ce na gaba na manyan mawaƙa ne, masu mutanen da za su zo su tayar masa da hankali, kuma shi dai bai taɓa ganin inda aka yi rawa da sarewa ita kaɗai ba. Ba mugun mutum ba ne. Har lemo ya sa aka kawo masa, ya kuma gaya masa cewa sai da ya maimaita sauraron jelar kafin ya datse, don ta yi kyau ƙwarai. Da ma zaginsa ya yi, da abin ya fi sauƙin haɗiyewa. Game da asalin faifan kuwa, ya ce sun mayar wa mai sutudiyo.

Mai sutudiyon ya riga ya ɗauki wa'azi da tallar sabulu a kan faifan, don faifan ɗauka tsada ke gare shi, ba a barin sa a zaune. Ya rantse bai san abin zai zama haka ba. Mai sarewa ya bazama shagunan kaset neman ƙaramin kaset ɗin farko na mai sutudiyo, a nan ya tarar da abin da ya fi komai ƙona masa rai. Jan Kaset ya ci kasuwa har ba ya isa, ya hau saman jerin waƙoƙin rediyo ya zauna daram wata da watanni. Masu shaguna suka dubi ƙananan kaset ɗin da suka ƙi tafiya, suka toshe ramukansu da takarda don a iya ɗauka a kansu, suka kwafi Jan Kaset a kansu suka sayar. Wato a kan busarsa aka kwanta aka ɗauki waƙar da aka datse masa.

Daga nan gari ya zama masa wurin azaba. Ya shiga aski, Jan Kaset. Ya shiga bas, Jan Kaset. Mai gyaran taya, mai wanki da guga, 'yan mata masu shara da safe, kowa shi yake sawa. Shi kuma ya kasa kame bakinsa. Duk inda waƙar ta kai ƙarshe sai ya ɗaga yatsa ya ce wa baƙin da bai sani ba, a nan ya shigo, akwai jela, an yanke ne. Wasu su gyaɗa kai don a zauna lafiya, wasu su ce Allah ya sawwaƙe. Kafin shekara ta zagayo sunansa na yanka ya ɓata, ya koma Mai Jela.

Mawaƙiyar ta yi tashenta, ta bar waƙa, ta bar ƙasar. Ana nan sai ga wani fiyano na lantarki ya shigo, wanda in ka danna maɓalli yake kukan sarewa, ba ya cin abinci ba ya neman kuɗin mota. Masu otal suka daina kiransa. Ga 'yarsa ta fara tafiya, ga haya, sai wani ɗan'uwan matarsa ya samo masa aiki a wurin yankan katako, wai na ɗan lokaci kafin abubuwa su daidaita. Bai cika shekara ba zarto ya ɗauke masa yatsu biyu na hannun dama. Da ciwon ya warke ya ɗauko sarewar ya gwada, maɓallan ƙasa suka tsaya suna jiran yatsun da babu. Ya bayar da ita ga wata makaranta, ya koma gaban injinsa.

'Yarsa, wadda yake kira Uwata, ta tashi ba ta taɓa jin ubanta ya busa komai ba sai shayi mai zafi. Tana ƙarama takan yarda da labarin, har ta riƙa ɗaga yatsa tare da shi. Da ta yi wayo sai abin ya koma ba ta kunya. Wata rana a cikin bas ya sa direba ya mayar da waƙar baya don fasinjoji su ji numfashinsa, ita kuwa ga 'yan ajinsu a kujerar baya suna ƙunshe dariya. Da suka sauka ta tsaya a bakin titi, idonta ya kawo ruwa.

"Baba, don Allah ka bar zancen jelar nan. Ba wanda ya taɓa jin ta. Ko Mama ba ta iya tuna ta."

Gaskiya ta faɗa, shi ya sa ya yi zafi. Matarsa ta ji ƙaramin kaset ɗin kafin a ba da shi, amma tana tsakiyar wanki a lokacin, da niyyar za ta zauna ta saurara da kyau wata rana. Shekara da shekaru tana ce masa ta tuna, ta yi daɗi, sai da ya matsa mata ta rera masa ko kaɗan ne, ta sunkuyar da kai. Bai yi fushi da ita ba. Da ta rasu, ya ji kamar an binne ta da ɗan guntun shaidar da ya rage masa, ko da shaidar ba ta tuna komai.

Tun daga maganar bakin titi ya daina zancen a gaban mutane, amma bai daina nema ba. Ranar hutunsa yakan bi masu sayar da tsofaffin kaya, ya tsuguna gaban kwalayen kaset yana busa ƙura yana dubawa. Ya je gidan rediyo, aka ce sun zubar da tsofaffin kaset da suka koma kwamfuta. Sau ɗaya ransa ya yi fari sosai, lokacin da aka ce za a sake fitar da Jan Kaset a faifan CD. An gaya masa CD ba shi da fuska biyu, fili ne fetal, waƙa ta miƙe ƙafa yadda take so. Ya saya tun bai mallaki abin sawa ba, ya kai wurin mai aski. Ashe daga Jan Kaset ɗin suka kwafo, da datsewar da komai. Da waƙoƙi suka koma cikin waya ma haka aka kwashe ta, guntuwa, aka raba wa duniya. Yaran da aka haifa bayan haka sun haddace ta, kuma a wurinsu nan ne ƙarshenta.

A hankali injin ya fara karɓar abin da zarto ya bari. Tsuntsayen safe ne suka fara yin shiru, ya ɗauka ƙaura suka yi. Sai butar shayi ta daina fito, sai ya ga tururi kawai. Sai muryar Uwata ta riƙa zuwa masa rabi da rabi. Ita ce ta ja shi asibiti, lokacin ta girma tana aiki a wani kantin magani. Likita ya duba, ya yi masa bayani da ƙarfi kamar mai kiran wani a tsallaken titi: ƙarar inji siraran sauti take fara cinyewa, masu kauri su biyo baya, kuma abin da ya tafi ya tafi. Ya ce ya bar aikin. Mai Jela ya yi murmushi, don ba shi da wani aikin da zai koma. Tambaya ɗaya ya yi, ko sarewa na cikin siraran. Likita ya ce tana sahun gaba.

Daga ranar neman ya zama na mai tsere. Ya riƙa fita tun da sassafe, ya kai kasuwannin da bai taɓa zuwa ba, ya dawo hannu baƙi ƙirin da ƙurar kwali. Sannu a hankali fitar ta ragu, har ta tsaya. Ba wai ya haƙura ba ne, ƙafafun ne suka gaji kafin zuciyar.

Kusa da kantin da take aiki akwai wani mai gyaran rediyo da ke juye wa mutane tsofaffin kaset a waya. Wata mata ta kawo masa kwalin kaset ɗin mijinta da ya rasu, ta ce a juye mata duka. Mai gyaran na ta aikinsa da rana, ƙofa a buɗe, waƙar kofin shayi na tashi, Uwata na miƙa wa wani maganin tari ba ta ko saurara ba, don ta ji ta har ta gundure ta. Ganguna suka tsaya. Aka ja numfashi. Sai sautin ya ƙi mutuwa. Ta tsaya da kwalba a hannu, mai tari na jira, sarewa na hawa tana sauka tana amsa wa matar nan duk abin da ta faɗa. Ba ta san lokacin da ta fita daga kantin ba. A ƙofar mai gyara ta tsaya har aka gama, tana kuka irin wanda rabonta da shi tun rasuwar uwarta, kuma rabin kukan na kunyar maganar bakin titi ne.

Ta je ta same shi a wurin aiki lokacin hutun rana. Ta dafa kafaɗarsa, ta sa baki a kunnensa ta ce an samu. Bai tambayi me aka samu ba. Ya ce ta jira, ya je famfo ya wanke fuska da kai, ya karkaɗe garin katako daga rigarsa, ya goge takalminsa da tsumma. A hanya ya riƙa yin gaba yana barin ta a baya.

Shagon ƙarami ne, rediyoyi a jibge har rufi, warin dalma ko'ina. Mai gyara ya ba shi kujerarsa, ya nuna masa kaset ɗin, fari, bangon ya yi ɗorawa-ɗorawa. Mai Jela ya juya shi a hannu, ya gane shi, ya miƙa a saka. Gangunan suka zo masa ta ƙirji da tafin ƙafa. Muryar mawaƙiyar ta zo can ƙasa-ƙasa, kamar ana magana a ɗakin maƙwabta, amma ya san kowace kalma, yana bin ta da leɓe. Baitin ƙarshe ya wuce. Ganguna suka tsaya. Ya gyara zama, ya karkata kunnen da ya fi dama-dama.

Shiru.

Ya jira. Ya dubi na'urar, ya ga zaren na ta juyawa.

"Wannan ma an datse," in ji shi.

Uwata ta girgiza kai. Ta durƙusa ta sa baki a kunnensa. "Kai ne kake busawa yanzu, Baba."

Mai gyara ya ƙure sauti har gilashin kantar shagon na rawa. Ya ɗauko abin sawa a kunne ya ɗora masa, ya mayar baya, ya sake saki. Abin da ya iso masa bai wuce wani ɗan ƙaiƙayi can cikin kai ba, shi ma bai tabbata ba ko daga kaset ne ko irin ƙarar da ke kwana da shi ce kullum. Ya cire abin ya ajiye a cinya. A bakin ƙofa mutane sun fara tsayawa, mai sayar da katin waya, wata mata da jaka a hannu, wani ɗan dako da ya sauke kayansa. Duk sun san waƙar, duk sun yi tsuru-tsuru suna jin ta wuce inda ta saba tsayawa. Ya bi fuskokinsu da kallo ɗaya bayan ɗaya, yana neman ya karanta abin da yake busawa.

Ya ce wa Uwata ta rera masa, ita muryarta kusa da kunne yana ɗan ji. Ta gwada. Ta kama farkon, busar ta yi sama ta bar ta, ta koma ta sake kamawa, ta sake suɓuce mata. Abin da ta rera bai yi masa kama da komai ba. A nan ya gane wani abu da ya fi kurumtar ciwo: shi ma ba ya tuna ta. Ya daɗe yana ba da labarinta har labarin ya zauna a inda take, yana tuna ɗakin da mayafin da shirun da ya biyo baya, amma busar kanta babu. Ya kawar da kai gefe, don ba ya so ya yi kuka a shagon mutane.

"Na yi kuskure a ciki?" ya tambaye ta.

"Ba ka yi ba."

Ya dube ta da kyau. Halin uwarta gare ta, ita ma za ta iya faɗar haka don ta lallashe shi, kuma ba shi da hanyar da zai bi ya gane. Mai gyara ya yi masa nuni da hannu ko a juye masa a wayarsa. Ya ce a sa a ta Uwata, tasa ta kira ce kawai, kiran ma ba ya ji.

Lokacin komawa aiki ya yi har ya gota. Ta tambaye shi ko su tafi, ko a sake sawa. Ya ce a sake. Ta jawo wani akwatin rediyo ta zauna kusa da shi, ya ɗora hannunsa mai yatsu uku a gwiwa ya zuba wa zaren ido. Ya ce in ya fara ta taɓa shi, in ya gama ta sake taɓa shi, ko tsawonta ne ya sani.